Bitar Aikin Wani Gareji a Indiyana: Shirya Camaro SS 1LE Don Filin Tsere da Saita Ta a Kan Man E85

Watanni goma sha huɗu ke nan da na miƙa makullin motata ga wani ƙaramin gareji da ke bayan garin Indiyanapolis, a jihar Indiyana ta Amurka, domin a shirya mini ita ta riƙa shiga filin tsere, a kuma saita injinta ya riƙa karɓar fetur da man E85, wato fetur da aka gauraya da itanol mai yawa, duka biyun. Da gangan na jinkirta rubuta wannan bita, domin irin wannan aiki ba a sanin ingancinsa ranar da aka karɓi mota, sai ta sha zafin watan Yuli a fili, ta kuma kwana cikin sanyin watan Janairu, sannan mutum ya sami abin faɗa. Zuwa yanzu motar ta yi wuni tara a filaye daban-daban, an canza mata baƙin mai sau biyar, ta kuma cinye takalman birki na gaba saiti biyu. Ba zan ambaci sunan garejin ba, saboda akwai ƙorafi cikin abin da zan faɗa, kuma mutum uku ne kacal suke cin abinci a wurin.

Motar ita ce Chevrolet Camaro SS 1LE ƙirar 2019, mai giyar hannu guda shida, wadda na saya ta hannu. Tana cikin jinsin da Amurkawa suke yi wa kirari da motocin ƙwanji, wato masu babban inji a gaba da jan taya ta baya, waɗanda suka yi tashe tun shekarun 1960. Na wancan zamani sun shahara da gudu a miƙaƙƙiyar hanya da kuma rashin ladabi a kwana, amma na yanzu sun bar wannan hali. Injin tawa shi ne LT1, mai silinda takwas da girman lita 6.2, yana ba da ƙarfin doki 455, kuma tun daga kamfani ta zo da birkin Brembo mai fistin shida a gaba, da faifan birki mai faɗin milimita 370, da shokazoba masu aiki da maganaɗisu, da na'urorin sanyaya baƙin mai da man giya da man aksul ɗin baya. Nauyinta ya kai kilo 1,700 ko kusa da haka, kuma wannan nauyi shi ne tushen kusan duk wata matsala da za ta fuskanta a fili. An daina ƙera Camaro a watan Disamba na 2023 a masana'antar Lansing da ke jihar Mishigan, abin da ya ƙara mini dalilin neman hannun da zai taɓa ta da hankali.

Ga wanda bai saba ba, ranar shiga fili ba gasa ba ce, ba a kuma ba da kofi. Ƙungiyoyi irin su SCCA da NASA, wato ƙungiyar wasannin mota ba hukumar sararin samaniya ba, sukan kama filin tsere haya, su raba direbobi rukuni-rukuni gwargwadon ƙwarewa, kowane rukuni ya shiga na kimanin minti ashirin, sau huɗu ko biyar a wuni. Sabon shiga yakan zauna da malami a gefensa, ba a wuce mota sai direbanta ya nuna hannu ta taga, kuma dole ne mutum ya zo da hular kwano mai shaidar inganci ta gidauniyar Snell da takardar da makanike ya sa wa hannu cewa motar lafiyarta ƙalau. Minti ashirin ɗin nan su ne abin lura, domin a cikinsu mota takan sha wahalar da ba za ta sha a watanni na zirga-zirgar gari ba.

Abin da ya kai ni garejin shi ne E85, domin shi ne ake ta yayatawa a tsakanin masu irin wannan mota, kowa yana lissafin dawakin da zai ƙara. Mai garejin, dattijo ne da ya haura hamsin kuma ya daɗe yana shiga fili da kansa, ya saurare ni har na gama, sannan tambayar farko da ya yi mini ita ce yaushe rabon da a canza man birki. Na ce ban canza ba tun da na saya. Ya ɗauko wata 'yar na'ura ya tsoma a tulun man, ya nuna mini yawan ruwan da ya sha, ya ce ba zai taɓa ƙwaƙwalwar injin ba, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, sai ya gama da birki, da alaimen, da mayukan motar gaba ɗaya, idan kuwa ban yarda da wannan jeri ba to in nemi wani garejin. A lokacin na ji maganar ta yi mini kaushi. A yau ita ce babban dalilin da ya sa nake tura masa mutane.

Sha'anin birki ya cancanci a tsaya a kansa. Duk gudun da mota ta tara, birki ne yake mayar da shi zafi, kuma idan gudu ya ninka biyu, zafin da za a zubar yakan ninka huɗu. Man birki yana jan danshi daga iska sannu a hankali, kuma da zarar ya sha ruwa sai matakin tafasarsa ya faɗo ƙasa. Ma'aunin gwamnatin Amurka ya ce man DOT 3 sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salshiyos, wanda ya sha ruwa kuma 140. Na DOT 4 kuwa 230 da 155. Idan mai ya tafasa a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalman birki a jikin faifai, sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, saboda haka direba zai taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa motar ba ta tsaya ba. Garejin ya zuba mini Castrol SRF, wanda ko ya sha ruwa yana kai wa digiri 270 kafin ya tafasa, kuma ko da yake tsadarsa ta ninka ta sauran, na yarda da hujjarsu cewa zai ɗauke mini wahalar tatsar birki kafin kowace fita. Na tsaya na ga yadda suka yi aikin: sun bi kowace kalifa ta bakin ciki da na waje, sun haɗa kwamfuta sun kunna famfon ABS, tsarin da ke hana taya cijewa idan an taka birki, domin tsohon man da ya maƙale a ciki ya fito, ba su kuma bar digo ɗaya ya zauna a kan fenti ba.

A kan takalman birki, shawararsu ita ce in mallaki saiti biyu, na gari da na fili, domin na fili ba ya kamawa da kyau sai ya yi zafi, yana ƙara kamar tsohuwar tifa a bakin danja, yana kuma baɗe rim da baƙar ƙura. Sun koya mini canza su da kaina a cikin rabin sa'a, sun nuna mini yadda ake gasa sabon takalmi da tsayawa a jere har ya shimfiɗa kansa a kan faifai, kuma ba su karɓi ko sisi a kan wannan darasi ba. Amfanin aikin ya bayyana a Road America da ke Elkhart Lake a jihar Wiskonsin, filin da tsawonsa ya ɗan haura mil huɗu, mai kwana goma sha huɗu. A kwana ta biyar mutum yakan gangaro da gudun da ya wuce kilomita 200 a sa'a, ya kuma zubar da fiye da rabinsa a ɗan taƙi, sannan ya maimaita irin haka a kwana ta ɗaya da ta goma sha biyu a kowane zagaye. Wuni biyu na yi a can, kuma yadda birkin ya kama a zagayen farko haka ya kama a na ƙarshe.

Alaimen ma sun yi shi da natsuwa. Sun aza buhunan yashi daidai nauyina a kujerar direba, suka karkatar da saman tayoyin gaba zuwa ciki da digiri biyu, na baya kuma da ɗaya da rabi, ba tare da sun sayar mini da wani ƙarfe ba. Hikimar ita ce idan mota ta jingina a kwana, tayar waje ta kwanta da dukan faɗinta maimakon ta ci kafaɗarta. Tayoyin Goodyear Eagle F1 Supercar 3 da motar take zuwa da su, masu faɗin 285 a gaba da 305 a baya, sun ƙare daidai wa daida, sai dai a tafiyar gari gefen ciki yana ɗan saurin ci, kuma sun gargaɗe ni da hakan tun kafin su fara. Sun canza man aksul da na giya, suka zuba baƙin mai 0W-40, suka rubuta mini a ɗan kati cewa notikan taya su sha ɗaurin 140 a ma'aunin fam da ƙafa, in kuma duba su kafin kowane shiga, sai dai ba lokacin da ƙarfen yake da zafi ba.

Bayan duk wannan ne aka zo kan E85. Man nan gauraye ne na itanol da fetur, kuma a Amurka yawancin itanol ɗin daga masara ake samar da shi, shi ya sa ya wadata a jihohin noma irin su Iyowa da Ilinoi da Indiyana. Sunan yana sa mutum ya ɗauka kashi 85 cikin 100 itanol ne, alhali ma'aunin ASTM D5798 ya yarda ya kasance daga kashi 51 har zuwa 83, kuma gidajen mai sukan rage itanol a lokacin sanyi domin mota ta samu tashi da safe. Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa ake buƙatar sensa, na'urar da ke auna yawan itanol a cikin mai. Fetur zalla yana ƙonewa daidai idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, E85 kuwa wajen sau 9.8 yake so, saboda haka injin da aka ɗaure wa lissafi guda ɗaya zai sha mai da yawa ko ya sha kaɗan duk lokacin da gauraye ya canza, kuma shan kaɗan a tsakiyar gudu yana iya narkar da fistin.

Sensar da suka ɗaura a kan bututun mai ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu ba. Tana aika wa ƙwaƙwalwar injin, wadda makanikanmu na gida suke kira birenbos, saƙo mai bugun 50 a daƙiƙa idan babu itanol ko kaɗan, 150 idan itanol ne zalla, abin da ke tsakani kuma gwargwadonsa. Ƙwaƙwalwar Camaro ta riga ta san wannan harshe, domin General Motors, kamfanin da ya mallaki Chevrolet, ya daɗe yana ƙera motocin ɗaukar kaya masu shan mai iri biyu, aikin mai saiti shi ne ya shigar da waya ɗaya, ya buɗe wannan sashe da manhajar HP Tuners, sannan ya cike jadawalin mai da na lokacin tartsatsin fulogi. Na so yadda suka bi da bututun da wayar nesa da zafin salansa, suka naɗe su da rigar kariya, har wanda bai sani ba zai ɗauka daga kamfani suka zo.

Me itanol yake ƙara wa inji? Abu biyu ne, kuma duka biyun suna komawa ga abin da ake kira ƙwanƙwasar inji. Wannan ba shi ne nokin da muke cewa a gida ba, inda inji yakan cije ya mutu saboda rashin baƙin mai. A nan ana nufin gaurayen iska da mai ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama ratsa shi, saboda zafi da matsi sun yi yawa. LT1 yana matse gauraye sau 11.5, kuma idan iskar da yake shaƙa ta yi zafi, ƙwaƙwalwar takan ji alamar ƙwanƙwasa ta jinkirta tartsatsi domin ta kare injin, ƙarfi kuma ya ragu. Itanol yana da okten, wato ma'aunin juriyar mai ga ƙwanƙwasa, da ya haura 100, alhali fetur mafi kyau a gidajen man nan 93 ne a ma'aunin Amurka, sannan yana shanye zafin da ya ninka na fetur fiye da sau biyu yayin da yake zama tururi. Tun da wannan inji yana fesa mai kai tsaye cikin silinda, sanyin yana sauka ne daidai inda ake buƙatarsa.

Matashin da yake riƙe da kwamfuta a garejin ya shafe wuni guda da motar a kan daino, na'urar da ake ɗaure mota a kai ana auna ƙarfin da ya isa taya. Kafin a taɓa komai ta ba da doki 408, wanda bai kai 455 na kamfani ba saboda giya da aksul suna cin rabonsu. Bayan saiti a kan fetur ta ba da 415, a kan gauraye mai kashi 70 na itanol kuma 429. Na san akwai garejin da zai nuna mini adadi mafi girma, kuma shi da kansa ya faɗa mini ta ina ake samo shi: a rage kunnen na'urorin da ke sauraron ƙwanƙwasa, a kashe tsarin da ke ƙara mai domin sanyaya matatar hayaƙi idan ta yi zafi, ko ma a cire matatar gaba ɗaya, wadda makanikai a Najeriya suke kira indomi. Ya ce motar da za ta yi daƙiƙa goma sha biyu a miƙaƙƙen layi tana iya jure wannan, amma wadda za ta yi minti ashirin totur a ƙasa ba za ta jure ba. Game da matatar kuwa ya ce dokar tsaftar iska ta tarayya ta haramta cire ta daga motar da ke hawa titi, kuma ba ya yin wannan aiki ko nawa za a biya. Na ga hakan a matsayin alamar gareji mai mutunci.

Gaskiyar da na gano a fili ita ce doki ashirin a motar da ta riga ta haura ɗari huɗu, direba irina ba ya jin su a jikinsa, kuma ba su ne suka rage mini daƙiƙu a zagaye ba. Malamai da yawan zagaye ne suka yi wannan. Inda E85 ya nuna kansa shi ne ɗorewa. A Putnam Park, ɗan filin da ke yammacin Indiyanapolis mai kwana goma wanda bai kai mil biyu ba, na yi gwaji a wata rana mai tsananin zafi cikin Yuli: da safe na shiga da fetur, da rana na cika tanki da E85 har gaurayen ya kai kashi 60. Bayanan da kwamfuta ta naɗa sun nuna cewa a kan fetur, daga zagaye na biyar ƙwaƙwalwar ta fara janye tartsatsi da digiri uku zuwa huɗu a giya ta uku da ta huɗu, motar ta riƙa yin nauyi a fita kwana. A kan itanol kuwa, duk da cewa rana ta fi zafi a lokacin, layin da ke nuna janye tartsatsi ya kwanta a sifiri tun daga farko har aka ɗaga tuta. Wannan shi ne abin da na saya da kuɗina, kuma a ganina ya fi ƙarin dawakin daraja, domin injin da ba ya ƙwanƙwasa inji ne da ba ya cin kansa.

Sai dai akwai abubuwan da ya kamata garejin ya gaya mini tun farko bai gaya mini ba, kuma biyu daga cikinsu masu nauyi ne. Na farko shi ne yawan shan mai. E85 mai kashi 83 yana ɗauke da kuzarin da ya gaza na fetur da kimanin kashi 27 cikin 100, saboda haka inji yana buƙatar ƙarin kashi talatin ko fiye a mudu. Tankin Camaro galan 19 ne, wato lita 72. A kan fetur nakan yi shiga uku kafin in nemi mai, a kan E85 kuwa shiga biyu ya kai ni kashi ɗaya bisa huɗu na tanki, kuma a wata doguwar kwana man ya tuɗe gefe guda, injin ya yi tari sau ɗaya. Inji ya rasa mai a tsakiyar gudu ba ƙaramin abu ba ne, kuma jimla ɗaya daga bakinsu da ta hana faruwar hakan. A filin da abin ya faru babu famfon E85, gidan mai mafi kusa da ke sayar da shi kuma tafiyar sa'a ɗaya ce zuwa da dawowa. A nan ne sensar ta biya kuɗinta, domin na cika da fetur a wurin, gaurayen ya sauko zuwa kashi ashirin da 'yan kai, ƙwaƙwalwar ta gyara lissafinta kafin in gama zagayen ɗumama taya, na ci gaba da wunina. Wanda aka ɗaure wa saitin E85 kaɗai babu sensa, da ya rasa shiga ɗaya ko biyu da ya riga ya biya.

Na biyu shi ne iyakar famfon mai. A LT1 akwai famfo biyu, ɗaya a tanki, ɗaya kuma a bayan inji wanda sandar kam take bugawa, shi ne yake ɗaga matsin mai zuwa kimanin 150 a ma'aunin matsi na bar domin nozul su iya fesawa cikin silinda. An auna wannan famfo ne da fetur, ƙarin da itanol yake nema kuwa yana cinye ragowar ƙarfinsa. Wata safiya mai sanyi a ƙarshen Oktoba, lokacin da iska ta yi kauri kuma tankina yana ɗauke da gauraye mai kashi 80 da na saya tun ana zafi, bayanan da na aika musu sun nuna matsin ya sauka ƙasa da abin da ƙwaƙwalwar take nema a tsakiyar juyin inji. Babu abin da ya lalace, kuma matashin ya amsa mini a ranar, ya ce in riƙa haɗa gaurayen ya tsaya tsakanin kashi 55 da 65, domin a injin da ba a ƙara masa komai ba, sama da haka ba ya ƙara ƙarfi, famfo kawai yake wahalarwa. Shawara ce mai kyau kuma na ga ingancinta, amma ranar da na karɓi mota ya kamata in ji ta, a rubuce, ba bayan wata shida ba.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Sun yi mini alkawarin kwana biyar, motar ta yi goma sha biyu, kuma sau da yawa waya tana ƙara babu mai ɗauka, domin duk ukun hannunsu yana cikin inji. Allon motar ba ya nuna yawan itanol, sai da na sayi wata 'yar na'ura da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari tana aika adadin zuwa wayata, abin da nake ganin ya dace a sa cikin farashin aikin tun asali. A safiyar hunturu kuma injin yakan ɗan yi jan ƙafa kafin ya tashi idan itanol ya yi yawa, ko da yake sun gyara mafi yawan wannan a saiti na biyu ba tare da ƙarin kuɗi ba.

A ɓangaren garanti sun fita haƙƙina. Chevrolet ya bayyana cewa shiga fili kaɗai ba ya soke garantin irin wannan mota matuƙar an shirya ta yadda littafinta ya ce kuma ba a sauya mata komai ba, amma taɓa ƙwaƙwalwar inji yana barin sawun da dila zai gani, kuma yana iya zama hujjar ƙin biyan gyaran inji. Garantin inji da giya na shekara biyar ne ko mil 60,000, kuma mai garejin bai haɗa kwamfuta ba sai da ya tabbatar nawa ya ƙare. Ya kuma tuna mini cewa inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan hatsarin cikin fili, ya nuna mini kamfanoni irin su Hagerty da Lockton da suke sayar da inshorar wuni ɗaya. Wanda motarsa take cikin garanti, shawarata ita ce ya tsaya a kan birki da alaimen da mayuka, ya bar ƙwaƙwalwar yadda take har wa'adin ya cika.

Game da kuɗi, sensar da ɗaurinta da wunin daino, duka a haɗe, sun yi kusa da farashin saitin tayoyi huɗu, aikin birki da alaimen da mayuka kuma ya zo ƙasa da haka. Kada kowa ya shiga harkar E85 da tunanin rage kashe kuɗi, domin arahar da ake samu a kan galan, yawan sha yana mayar da ita, sannan akwai ƙarin canjin baƙin mai, tun da itanol yana ɗan sauka cikinsa musamman a gajerun tafiye-tafiye. Yana kuma jan danshi, saboda haka kafin in ajiye motar a watannin ƙanƙara nakan shanye abin da ke tanki in cika shi da fetur. Idan aka ce in jera ayyukan gwargwadon abin da suka ba ni a kan kowace dala, man birki da takalma ne a gaba da rata mai nisa, sai alaimen, sannan E85. Wanda yake shekararsa ta farko a fili ba ya buƙatar na ukun. Wanda ya kai matakin da yake riƙe totur a ƙasa tsawon shiga, yana zaune a jihar da man ya wadata, kuma yana fita a watannin zafi, shi ne zai ga amfaninsa.

A watan Agusta mai zuwa ina da wuni biyu a Mid-Ohio, kusa da garin Lexington a jihar Ohayo, kuma na riga na kama layi a garejin domin canza man aksul da duba faifan birki, waɗanda suka fara nuna ƙananan tsagu na zafi a fuskarsu. Wannan karon na nemi a rubuta mini ranar karɓar mota a kan takarda, mai garejin kuma ya rubuta ya sa hannu. Na sayi jarkoki huɗu masu cin galan biyar-biyar, na kuma nemo gidajen man da ke sayar da E85 a kan hanyar, domin in isa filin da gauraye mai kashi 60 a tanki da wani galan ashirin a ajiye.